Dillancin gidaje a Amurka: sayen lambar waya ba ya ba ka izinin kira

Tambaya: Barista, ni sabon dillalin gidaje ne a Amurka. Na sayi jerin lambobin masu gidajen da wa'adin tallansu ya ƙare ba a saya ba, na tura musu saƙon tes sau biyu. Yanzu lauyan ɗaya daga cikinsu ya aiko mini da takarda. Ina mafita?

Amsa: Malam, ka dakatar da saƙonnin nan yau, kuma kada ka goge komai daga wayarka. Goge shaida bayan takardar lauya ta iso ya fi saƙon kansa jawo masifa.

Dokar da ta shafe ka ita ce TCPA ta 1991, mai kare jama'a daga tallan waya, tare da rajistar Do Not Call, wato jerin lambobin waɗanda ba sa son kiran talla, da hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta buɗe a 2003. Duk lambar da ke cikin rajistar, ba a kiranta da talla, kuma hukumar sadarwa ta FCC tana ɗaukar saƙon tes tamkar kira. Wanda aka tuntuɓa fiye da sau ɗaya cikin wata 12 yana iya neman diyyar da ta kai dala 500 a kan kowane saƙo, ta haura zuwa 1,500 idan kotu ta ga ganganci. Mutum 100, saƙo bibbiyu, dala 100,000 ke nan, kuma suna da shekara 4 su shigar da ƙara.

Ƙofofin da doka ta bari ba su da yawa. Wanda kuka yi ciniki da shi, kana da wata 18 da za ka iya kiransa ko da yana cikin rajistar. Wanda ya tuntuɓe ka da kansa yana tambayar gida, wata 3. Sai wanda ya ba ka izini a rubuce, da sa hannunsa da lambarsa. A nan sababbin dillalai suke faɗawa rami: gidan da wa'adinsa ya ƙare, watanni 18 ɗin na kamfanin dillancin da ya yi tallansa ne, ba naka ba. Alkawarin mai sayar da jeri cewa ya cire lambobin da ke cikin rajistar kuwa ba zai kare ka ba, kai ka danna tura.

Game da takardar, kada ka kira mutumin ka ba shi haƙuri. Ka sanar da shugaban kamfanin da lasisinka ke ƙarƙashinsa, ka duba inshorar aikinka, ko da yake da yawa ba sa ɗaukar ƙarar TCPA. Lauyanka zai fara da bincika ko lambar tana cikin rajistar har kwana 31 kafin saƙonka, da ko ta kasuwanci ce, domin rajistar ba ta shafi lambobin kasuwanci ba. Idan hujja ba ta gefenka, sulhu da wuri ya fi araha.

Nan gaba, ka tace jerinka da rajistar aƙalla duk kwana 31; duba rajistar kyauta ne ga lambobin yanki (area code) biyar na farko. Kira daga 8 na safe zuwa 9 na dare ne, da agogon wanda ake kira, amma jihar Fulorida ta tsaya a 8 na dare. Wanda ya rubuto STOP, wato ka daina tuntuɓarsa, ka cire shi cikin kwanakin aiki 10, ka ajiye sunansa cikin jerin waɗanda ba za ka kira ba har shekara 5. Masu gidajen da ke cikin rajistar kuwa, ka rubuta musu wasiƙa ta gidan waya, wannan dokar ba ta hana ba.