An yi wa Hajiyarmu aikin maƙoƙo amma ba a ba ta antibayotik ba

Tambaya: Likita barka da aiki. An yi wa mahaifiyarmu aikin maƙoƙo, aka sallame mu ba a rubuta mata antibayotik ko ɗaya ba, alhali kawunmu da aka yi wa aikin kansar harshe an ba shi. Wannan ba sakaci ba ne? Ko in sayo mata?

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Dan Allah kar ki sayo, abin da likitanta ya yi shi ne daidai.

Kinga abin da muke dubawa a tiyatar kai da wuya shi ne, wuƙa za ta shiga baki ko maƙogwaro ko kuwa a'a? Aikin maƙoƙo ta fata ake bi, an wanke wajen tas an rufe da ƙyalle mai tsafta, ba ruwansa da miyau, shi ya sa da wuya ciwon ya kama ƙwayar cuta, kuma maganin bai ƙara komai. Shi kuwa kawunku an buɗe cikin baki, miyau kuma cike yake da ƙwayoyin cuta har da masu rayuwa ba iska, suna ta kwarara kan ɗanyen nama har a gama aiki, to nan dole ne a ba da kariya. Yawanci cefazolin giram 2 ake sawa ta jijiya a haɗa da metronidazole, ko kuma ampicillin da sulbactam.

Abin da mutane ba su gane ba, lokacin bayarwa shi ne komai. Cikin minti 60 kafin a fara yanka ake yin allurar, dan sanda wuƙa ta taɓa fata maganin ya riga ya gauraye jini. In aikin ya yi tsawo a sake cefazolin bayan awa 4, haka in jini ya zuba da yawa. Daga nan kuma a tsaya, kar ya wuce awa 24. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idarta ta 2016 ta ce kar a ci gaba da shi bayan an gama tiyata da sunan kariya.

Gaskiya yana damuna in ga an ɗora wa mara lafiya kafso na sati guda wai dan kar ciwo ya ruɓe, ba ya hana komai, sai dai ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani ya jawo zawo mai tsanani, ya kuma bar ƙwayoyin da ba sa jin magani, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Ke dai ki sa ido kan ɗinkin. In ya yi ja yana zafi, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ku koma asibiti a duba. In kuma wuyan ya kumbura farat ɗaya tana jin numfashi na sarƙewa, kar ku jira gari ya waye.