Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Python Ta Cinye Sunan Alhaji Ali

Tambaya: Ina tsara sunayen 'yan ƙungiyarmu ta masu shaguna da Python, yaren rubuta shirin kwamfuta. Na so cire laƙabi daga gaban sunaye, sai na yi amfani da umarnin lstrip("Alhaji ") da lstrip("Malam "). Sunan Alhaji Ali ya ɓace gaba ɗaya, Malam Mamman kuma ya koma "n". Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutata? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, babu wata cuta, kai ne ka aiki yaro kasuwa ba ka faɗa masa abin da zai sayo ba. Wannan kuskuren yana ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kowane wata sai an kawo mini shi. Ita lstrip ba kalma take cirewa ba. Haruffan da ka ba ta take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta yankewa daga hagu har sai ta ci karo da baƙon harafi. A, l da i duk suna cikin "Alhaji", to me zai hana ta haɗiye Ali? Da ka ba ta "Malam " kuma, M, a da m suka cinye Mamman, sai n kaɗai ta tsira.

Ba kai kaɗai ka faɗa wannan ramin ba. Yawan masu faɗawa ne ya sa aka ƙara removeprefix da removesuffix a Python 3.9, a shekarar 2020, bisa shawarar da ake kira PEP 616. Rubuta suna.removeprefix("Alhaji ") ka huta. In laƙabin ba ya nan, za ta bar sunan yadda yake. Mai tsohuwar Python ya fara dubawa da startswith ko sunan ya fara da laƙabin kafin ya yanke. Kuma don Allah ka riƙa gwaji da sunaye uku kafin ka saki shirinka a kan jerin mutum ɗari, ka kuma ajiye kwafin asali a gefe.

Tambaya: Lambobin waya da na karanto daga fayil sun rasa sifirin farko. Daga wata malama a Katsina.

Amsa: Malama, kin sa int ne, umarnin da ke mayar da rubutu lambar lissafi, shi ya sa sifirin farko ya faɗi. Lambar waya ba a lissafi da ita, bar ta a matsayin rubutu.

Tambaya: Haruffan ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa a hargitse idan na buɗe fayil. Daga Maraɗi.

Amsa: Ƙara encoding="utf-8" a cikin open, umarnin buɗe fayil, wajen karantawa da wajen rubutawa.