Mun fara mu 40, yanzu daga ni sai baro

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni tela ne, ina zaune a Gangare cikin garin Jos. Ina sakandare aka yi ambaliyar 2012 da ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da unguwannin bakin rafin Dilimi. Har yau ina ganin katifun mutane shanye a kan katanga, suna ɗigar jan ruwa. Shi ya sa shekara 3 da suka wuce na tara samarin unguwa muka kafa ƙungiyar sa-kai: mu yashe kwata, mu zaƙulo leda da robobin fiya wata daga kwalbati kafin damina, mu kuma dasa itatuwa.

Ranar farko mu 40 ne, har mai unguwa ya zo ya sa mana albarka. Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni, muka dasa itatuwa 200, aka yi hotuna. Yau 17 ne a raye. Awaki sun ci wasu, rani ya ƙarasa sauran. Mutane suka riƙa zamewa, muka koma 12, muka koma 6. Asabar ɗin da ta wuce daga ni sai baro da ƙanena, shi ma don Hajiya ta kora shi ne.

Ba wai ba na ƙoƙari ba. Shebur da manjagara a shagona suke, ni ke rubuta wasiƙu, ni ke riƙe ɗan kuɗin da ake tarawa, ruwan sha ma daga aljihuna yake fita. Da abin ya ishe ni na jera sunayen waɗanda ba su zo ba a WhatsApp, na ce kowa zai biya tarar naira 500. Babu wanda ya tanka. Mataimakina, aminina tun firamare, ya ce min: "Ai ƙungiyarka ce." Yanzu kuma ana ta raɗe-raɗin wai Turawa sun turo kuɗi na cinye, alhali sisi ban taɓa gani ba. Hajiya ta ce in koma kan kekena tunda aure na gabana. In rushe ƙungiyar ne, Gwaggo?

Ɗanki daga Gangare

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya saka maka da alheri. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, haka Manzon Allah (SAW) ya faɗa, balle wanda ya zura hannu cikin kwalbatin Gangare. Amma tunda shawara ka zo nema, sai ka daure da abin da zan ce.

Amininka bai zage ka ba. Labari ya ba ka, kuma gaskiya ce. Kayan aiki wurinka, kuɗi wurinka, magana wurinka. To me ka bar wa sauran 39? Ɗaukar taɓo. Namiji mai sana'arsa zai yi leburanci kyauta sau ɗaya, sau biyu don kunyarka, a na uku sai ka ji babur ɗinsa ya lalace.

Ka tambayi Hajiya yadda ake gayya a ƙauye. Mai gona ya kira mutane, mata sun dama kunu, makaɗi na bin manoma da ganga yana wasa kowa da sunan ubansa, kafin azahar an gama kunya ta ƙarshe, kowa ya juyo ya ga abin da hannunsa ya yi. Mako mai zuwa gonar wani za a je, shi ne mai kira, shi ne mai ciyarwa. Kai kuwa kowace Asabar kira ɗaya ne, daga baki ɗaya, zuwa kwatar da za ta sake cika kafin Laraba. Sunan da ka taɓa kira a bainar jama'a na wanda bai zo ba ne. Waɗannan shida da suka jure, ka taɓa miƙewa bayan sallar Juma'a ka ambace su?

Tarar nan ka soke ta yau, ka kuma ba da haƙuri a inda ka jera sunayen. Ba a cin mai aikin Allah tara. Sannan ka ajiye waya ka taka, zumunta a ƙafa take. Ka zaɓi mutum 10 cikin waɗanda suka janye, ka same su ɗaya-ɗaya, a teburin mai shayi ko a ƙofar gida, ka tambaye su me ya kore su, ka kame bakinka har su gama. Za ka ji abin da ba za ka so ba. Wani Asabar ce ranar cinikinsa a kasuwar Terminus. Wani ya taɓa kawo shawara ka wuce ta kamar ba ka ji ba.

Zancen kuɗi kuwa, na yarda ba ka ci ba, sai dai kai ka bar ƙofar zargin a buɗe. A zaɓi ma'aji, a sayi littafi, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, ko naira 200 ce. Wanda ya ji lissafi da kunnensa ba ya zuwa neman sa a bakin masu tsegumi.

Yanzu itatuwan, don na san su ne suka karya wa yaran gwiwa. Dashe a watan Yuni a Jos ba gwaninta ba ce, ko sanda ka kafa sai ta so yin toho. Ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba, sai hunturu, sai zafin Fabrairu da Maris, a nan ake sanin itace mai uwa da maraya. Naku 200 marayu ne tun ranar da aka gama hoto. Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta fara tafiyar dashenta da matan karkara a 1977 har ta kai ga kyautar Nobel a 2004, ɗan ihsanin da ake ba matan a kan itacen da ya rayu ake ba su. Ku ba ku da ihsani, amma kuna da gidaje. Bana ku dasa 30 kawai, mangwaro da gwaiba da zogale, abin da mai gida zai yi kwaɗayin ci. Kowane itace da sunan mai shi, a ƙofar gidansa, an kewaye shi da ƙaya ko tsoffin bulo. Wasu ku sa su kusa da wurin alwala na masallatai, inda ruwa ke zuba sau biyar a rana ko da rani. Kwalejin gandun daji na nan cikin Jos, ku tura mutum biyu, ban da kai, su tambayo irin da ya dace da ƙasarku. (Waɗanda awaki suka cinye ma kada ka yi kukansu da yawa. Hadisi ya ce abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne, ka ga awakin Gangare sun tara maka lada.)

Hajiya ta fi ka gaskiya a kan keke. Ku mai da yashe kwata sau ɗaya a wata, awa biyu, ranar Asabar ɗin ƙarshe da ake tsaftar muhalli, sai ƙari a Afrilu kafin ruwa ya kankama. Kowane layi ya samu jagoransa, shi zai kira, shi zai nemo kunu. In ya yi ba yadda kake so ba, ka haɗiye.

Kada ka rushe ta. Ka sa ranar zaɓe bayan damina, ka faɗa tun yanzu cewa ba za ka tsaya ba. Kafin nan, daren yau, ka tura baron nan da shebur da manjagara zuwa gidan amininka, ka ce masa shagonka ya yi ƙunci, ka tambaye shi wane layi yake ganin ya kamata a fara. Ka gaishe min da Hajiya.

Gwaggonku