Taki, iri da maganin ƙwari: me mai ƙaramin lambu zai saya?

Na gyara ɗan fili a bayan ɗaki, ina so in shuka tumatir, latas da karas ba tare da takin zamani ba. Wasu sun ce in sayi ruɓaɓɓen taki na buhu, wasu sun ce kashin kaji ya fi ƙarfi kuma ya fi araha. Wanne zan ɗauka? (Wata uwargida)

Hajiya, masu cewa kashin kaji ya fi ƙarfi ba su yi ƙarya ba, sai dai ƙarfin nasa shi ne matsalar. Ɗanyen kashin kaji cike yake da naitirojin, idan ya taɓa saiwar yabanya ƙona ta yake yi. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli da yake iya ɗaukowa, ga shi latas da karas ɗanyu ake cin su. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa masa sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashin dabba da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Latas kuwa wata biyu ya ishe shi ya isa cira. Kin ga lissafin bai fita ba.

Don haka a shukar farko ki sayi na buhun. Kafin ki biya, ki sa a buɗe miki. Taki mai kyau baƙi-baƙi ne, yana warwarewa a hannu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. In ya buge ki da wari mai shiga hanci, ko kika ji ɗumi a cikinsa, bai gama ruɓewa ba. Akwai kuma gwajin da mutane ba su cika yi ba: ki ɗebi kaɗan a gwangwani ki shuka ƙwayar wake uku ko huɗu. Idan suka fito ganyensu a murɗe, akwai yiwuwar sauran maganin kashe ciyawa a ciki, wanda dabbobi suka ci a abincinsu ya bi kashinsu. Tumatir ba ya jure wannan ko kaɗan.

Kashin kajin ma ki saya, amma na shuka ta gaba ne. Ki tara shi a gefe da busasshen ganye da ɓawon kayan lambu, busasshe kashi biyu ko uku, ɗanye kashi ɗaya. Danshinsa ya zama kamar na tsumman da aka matse, kina juya shi duk mako. Tsakiyar tarin takan yi zafi har digiri 55 zuwa 65, zafin nan ne ke kashe cuta da 'ya'yan ciyawa. Bayan wata uku zuwa huɗu kin huta da sayen buhu. Af, kafin duk wannan, ki duba ko filin yana samun rana awa shida a yini. In ba ya samu, ki haƙura da tumatir, ki tsaya kan ganye.

Me zai hana in matse irin tumatirin da na saya na ci, maimakon sayen na fakiti? (Wani ɗalibi)

Babu abin da zai hana, ɗan'uwa, zai tsiro. Amma tumatirin kasuwa da yawa irin haɗi ne, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa kuma ba lallai su gado shi ba. Kana iya wahalar wata uku ka samu abin da bai kai wanda ka ci ba. In kana son riƙa ajiye iri da kanka, nemi wanda ba F1 ba, ka sayi ƙaramin fakiti, ka duba ranar da aka rubuta a kai. Irin albasa musamman, da ya shekara ya fara mutuwa.

Ƙwari sun addabi barkonona da kabeji. An ce man darbejiya yana kashe komai, in saya? (Wani magidanci)

Malam, duk maganin da aka ce yana kashe komai, ka yi hattara da shi, domin cikin "komai" ɗin har da ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye maka masu ɓarna. Ka fara juya ganyen ka ga wane ne ɓarawon. In ƙananan nan ne masu manne wa bayan ganye suna tsotsa, ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe su. In tsutsa ce a kabeji, a lambun da bai wuce taku goma ba hannu ya fi kwalba sauri, ka tsince su da sassafe. In sun fi ƙarfinka, akwai magani mai suna Bt, ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa, nau'in da ake sayarwa don kabeji tsutsar malam-buɗe-littafi da danginta yake kamawa.

Man darbejiya yana aiki, amma a hankali. Hana ƙwaro ci da girma yake yi, ba ya kayar da shi nan take, shi ya sa masu gaggawa ke cewa jabu aka sayar musu. Ƙaramar kwalba ta isa: kimanin mililita 5 a litar ruwa ɗaya da ɗigon sabulun ruwa don su haɗu. Ka gwada a 'yan ganye tukuna, ka yi feshin da yamma, ka maimaita bayan mako guda tunda hasken rana yana karya ƙarfinsa. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa kuwa ban yarda da shi ba sam, guba ne ga mutum, kuma yana iya kawo wa barkono da tumatir cutar ganye.

Baɗi kada ka mayar da barkono wurin da yake bana, kada kuma ka maye gurbinsa da tumatir, gauta ko dankalin turawa, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Wake za ka sa a wurin.