Tambaya da Amsa: Rubuta rasit ɗin shago a tsarin JSON

Tambaya: Ina da shagon kayan masarufi a Kano. Yaron da ke haɗa mini manhajar lissafi ya ce in daina turo masa Excel, in riƙa turo bayanan rasit a tsarin JSON. Na gwada rubutawa da kaina, manhajar ta ƙi karɓa. Mene ne JSON, kuma ina na yi kuskure?

Amsa: Malam, JSON rubutu ne zalla, ko da Notepad za ka iya buɗe shi. Douglas Crockford ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 2000, ƙa'idarsa ta yanzu kuma ita ce RFC 8259 ta 2017. Ya fi Excel dacewa da rasit ne saboda rasit ɗaya kan ƙunshi kaya da yawa, shi kuwa yana barin ka sa jeri a cikin bayani. Duba wannan:

{
"lambar_rasit": "00457",
"rana": "2025-03-04",
"kudi": "NGN",
"an_biya": true,
"kaya": [
{"suna": "Buhun shinkafa", "adadi": 2, "farashi_kobo": 7500000},
{"suna": "Galan na man gyaɗa", "adadi": 1, "farashi_kobo": 1250050}
]
}

Baka mai lanƙwasa na riƙe abu guda da bayanansa, mai kusurwa kuma na riƙe jeri. Abin da ya fi hana fayil karɓuwa shi ne waƙafi a bayan abu na ƙarshe. Ka lura babu shi bayan layin man gyaɗa. Sai alamar zance: dole ta zama mai biyu, miƙaƙƙiya. Idan a Word ka rubuta, shi da kansa yake lanƙwasa ta, manhaja kuwa ba ta san wannan ba. Haka nan true da false ƙananan baƙaƙe ake sa musu.

Amma inda na fi so ka kula shi ne kuskuren da manhaja za ta karɓa shiru, sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi daidaita. Na farko kuɗi. Kada ka rubuta ₦12,500.50. Kwamfuta ba ta riƙe lamba mai ɗigo daidai wa daida. A JavaScript, wani harshen rubuta manhaja, in ka tara 0.1 da 0.2 sai ta ba ka 0.30000000000000004. Shi ya sa na mayar da farashin kobo, 1250050, lamba cikakkiya, babu waƙafi babu alamar naira. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ma da kobo yake karɓar adadi. In da abokan ciniki a Maraɗi, lambar sefa XOF ce, ita za ka sa a madadin NGN.

Na biyu, duk lambar da ba lissafi za a yi da ita ba, a sa ta cikin alamar zance: lambar rasit, lambar waya mai farawa da 080, lambar asusun banki mai alƙaluma 10. JSON bai yarda lamba ta fara da sifili ba, in kuma bayanin ya biyo ta Excel, sifilin ya riga ya faɗi tun can.

Kwanan wata kuwa, shekara ce farko, sai wata, sai rana. In ka rubuta 04/03/2025, manhajar da aka saita kan tsarin Amurka za ta ɗauka 3 ga Afrilu ne, alhali 4 ga Maris kake nufi.

Tambaya: Sunayen masu saye irin su Ɗanladi suna fitowa da alamar tambaya a madadin Ɗ. Me ya jawo?

Amsa: Ba a adana fayil ɗin da UTF-8 ba. A Notepad, shiga Save As, ka zaɓi UTF-8 a wurin Encoding, ƙ da ɗ da ɓ za su zauna lafiya. Waɗanda suka riga suka koma alamar tambaya ba sa dawowa, sai an sake buga su da hannu.