Gadar da aka rataye da igiya: me ya hana ta tsinkewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana ne ya nuna mini hoton wata gada a Amurka, rataye da igiyoyi, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarta, ya ce ta haura shekara 140 ana hawanta. Yaya aka gina ta, kuma me ya hana igiyoyin tsinkewa? Mu kuma me ya sa ba a yi mana irinta a kan kogin Galma ba? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa siffa da shekarun da ka ambata, gadar Buruklin ce ta birnin Niyok, wadda aka buɗe ranar 24 ga Mayu, 1883.

Dubi igiyar shanya ta tsakar gidanka. Sanduna biyu, igiya a kansu, kaya rataye. In kaya ya yi nauyi sandunan kan sunkuyo, sai an ja bakin igiyar an ɗaure a turke. Haka gadar take. Hasumiya biyu ta dutse su ne sandunan, manyan igiyoyin ƙarfe huɗu sun bi ta kansu, ƙananan igiyoyi kuma sun sauko sun riƙe daɓen da motoci ke bi. Turakun su ne tulin ginin dutse a gaɓa biyu, inda aka binne bakin igiyoyin. Tsakanin hasumiyoyin mita 486 ne, kuma kowace babbar igiya wayoyi ne sama da 5,000 aka jera aka naɗe wuri guda.

Aikin ya ci mutane, ya kuma fara da mai shi. John Roebling, wanda ya zana gadar, yana awon wuri a 1869 jirgin fito ya murƙushe masa ƙafa, cutar tetanas ta shiga, ya rasu kafin a soma gini. Ɗansa Washington ya gaje shi. Don haƙa harsashi a ƙarƙashin ruwa, sai suka kifa wani ƙaton akwatin katako mara gindi a ƙasan kogin, suka hura masa iska mai ƙarfi don ta hana ruwa shiga, lebura suna ciki suna haƙa, ana ɗora duwatsu a sama yana nutsewa. A ɓangaren Manhatan, ɗaya daga gaɓoɓin kogin biyu, sun kai zurfin kusan mita 24. Wanda ya fito da sauri daga wannan matsin iska sai gaɓoɓinsa su murɗe, wasu su shanye, wasu su mutu. Shi kansa Washington ciwon ya kwantar da shi a 1872. Matarsa Emily ce ta koyi lissafin aikin, ta riƙa kai da komo tsakanin ɗakinsa da ma'aikata fiye da shekara goma.

Akwai kuma abin da ba zai ba ɗan Nijeriya mamaki ba: wani ɗan kwangila ya cusa musu waya mara kyau. Kafin a gano an riga an saƙa ta cikin igiyoyin, ba halin zarewa, sai aka ƙara waya 150 a kowace igiya. Abin da ya cece su shi ne tun a takarda an ba gadar ƙarfi ninkin-ba-ninkin abin da take buƙata. Duk da haka jama'a ba su saki jiki da ita ba, har a 1884 aka bi da giwaye 21 ta kanta kowa ya gani.

To, me ya hana ta tsinkewa? Ba nauyi ne babban abokin gaba ba, tsatsa ce. Wayoyin Buruklin an shafe su da sinadarin da ake shafa wa kwanon rufi, aka naɗe su ƙam, ana kuma bin su da fenti. Shi ya sa manyan igiyoyin na asali ne har yau. Ƙananan kuwa ba su tsira ba. A 1981 biyu suka tsinke, ɗaya ta kashe wani mai tafiya da ƙafa a kan gadar, daga baya aka sauya su. An kuma hana manyan motoci hawa.

Inda aka yi sake an ga sakamako. Ranar 15 ga Disamba, 1967, gadar Silba da ke kan kogin Ohayo ta rufta da mutane, 46 suka mutu. Ita da sarƙar ƙarfe aka rataye ta, kuma tsagar da ta jawo wannan, a ƙarfe ɗaya tak, zurfinta bai kai milimita 3 ba. Daga nan Amurka ta kafa dokar duba gadoji a kai a kai. A garin Morbi na Indiya ma, wata tsohuwar gadar ƙafa ta tsinke ranar 30 ga Oktoba, 2022, kwanaki kaɗan bayan an buɗe ta daga gyara, sama da mutum 130 suka rasu. Ni kam na fi sha'awar mutanen wasu ƙauyuka a ƙasar Peru, masu gadar igiyar ciyawa a kan kogin Apurimak. Duk watan Yuni sukan yi gayya, su yanke tsohuwar su saƙa sabuwa, kamar yadda ake yi wa soro yaɓe a cikin birnin Zazzau kafin damina.

Batun Galma, ba rowa aka yi mana ba. Ana rataye gada ne inda ruwa ya yi faɗi da zurfi, ko inda manyan jirage ke wucewa, kamar gadar Matadi ta kogin Kwango da aka gama a 1983. Galma da Kubanni da rani kana iya kafa ginshiƙan kankare a cikinsu da kuɗi kaɗan, gyaransu ma ya fi sauƙi. Ciwon gadojinmu daban ne: ruwan Agusta ya ƙwaƙule gindin ginshiƙi, shara ta toshe mafitar ruwa, masu ɗiban yashi su haƙe kusa da harsashi. In ka bi ta kan wata da rani, Malam, ka leƙa ƙasanta. Idan ka ga rodi ya fito daga kankare ya yi ja, ko gindin ginshiƙi ya yi rami, a sanar da ma'aikatar ayyuka tun ruwa bai sauka ba.