Tambayi Mai Hoto: Hazon Hunturu da Hoton Gaisuwa

Wasiƙu uku na zaɓo muku wannan watan, kuma duka ƙura ce ta haɗa su. Ni kaina da hular sanyi a kai nake rubutun nan, leɓe duk ya tsage.

Tambaya: Baba, barka da sanyi. Tun da Disamba ta kama, duk hoton da na ɗauka a waje sai ya fito fari-fari, babu launi, kamar an barbaɗa masa toka. Da damina ba haka wayar take yi ba. Lalacewa ta yi, in kai ta wurin masu gyara?
Daga wata ɗaliba, unguwar Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗiyata, barka kadai. Riƙe kuɗinki, lafiyar wayarki ƙalau. Amma kafin komai juya ta ki dubi gilashin kyamarar. Lokacin hunturu kowa hannunsa da basilin ko man kaɗe, yatsa ɗaya ya taɓa gilashin nan shi ke nan, hoto ya yi dishi-dishi, kowace fitila ta yi gemu. Samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ki fara hure ƙurar sannan ki goge. Ban da gefen hijabi, domin ƙurar da ta maƙale a jikinsa tana da yashi, kuma yashi yana karce gilashi.

In kin goge bai canja ba, to iskar gari ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta taso daga Sahara, kuma da yawan ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a zamanin da can tafki ne ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar hoda. Ƙurar nan rataye take a iska, tana watsa hasken rana ta kowace fuska. Abin da ke taku biyar daga gare ki, ƙurar da ke tsakaninku kaɗan ce, launinsa zai iso miki yadda yake. Abin da ke ƙetaren gulbi kuwa, sai haskensa ya keto ƙurar rabin kilomita kafin ya iso, shi ya sa yake zuwa a koɗe. Iskar da wani lokaci kan hana jirgin sama sauka, ina ga 'yar wayarki?

To, ni ba na faɗa da hazo, aiki nake sa shi. Je ki gadar Kwalkwalawa a kan hanyar jami'a da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe. Nemi abu ɗaya mai duhu ko mai launi kusa da ke: mai noman rani yana ban ruwa, jar akuya, jaki da buhunan albasa. Matsa kusa da ƙafarki, kada ki jawo shi da zum. Za ki ga shi ya fito tsaf, itatuwan bayansa sun ɗan dushe, na bayan waɗannan sun fi dushewa, har fadamar ta narke cikin sama. Masu zane wahala suke sha kafin su samu wannan hawa-hawan, mu kuwa Allah Ya ba mu shi kyauta wata uku a shekara.

Sai fuska. Kin san ranar Sakkwato da bazara: mutum ya tsuke ido, inuwa baƙa ƙirin ta kwanta masa ƙarƙashin gira da hanci. A shago farin yadi muke ratayawa gaban fitila don haske ya yi laushi. Hazo yadin nan ne, an rataya wa gari gaba ɗaya. Hotunan tsofaffi mafi kyau da na taɓa ɗauka duk na Janairu ne.

Abu ɗaya za ki lura da shi. Idan kyamara ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, sama ta koma kalar kunun kanwa, fuska ta yi duhu. Taɓa fuskar mutumin a allon wayar, alamar rana za ta fito, ki ɗan ja ta sama. Da yamma kuma, sa'ad da rana ta zama farin faifai, ja ta ƙasa, raƙumi ko giginya su fito baƙi a gabanta. In za ki gyara a Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, ki taɓa kaɗan. Na ga wani ya matsa wa hoto har samaniyar Sakkwato ta yi shuɗi shar a tsakiyar hunturu. Wa zai ruɗa?

Tambaya: Malam, ina da kyamara Canon mai cire lensi. Kwanan nan wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suke fitowa a hotuna, wuri ɗaya kullum, musamman a sama. Na goge lensin har na gaji.
Daga wani ma'aikaci, Runjin Sambo.

Amsa: Ƙanena, bar lensin ya huta, ƙurar tana ciki, kan sensa, wato ɗan farantin da ke bayan lensi wanda ke kama hoton. Don ka tabbatar, tsuke ƙofar hasken lensi zuwa lamba f/16 ka ɗauki farin bango, za ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sayi abin hura iska na roba, ka cire lensi a cikin ɗaki, fanka a kashe, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka hura. Ban da baki, ban da auduga. Ni na taɓa canja lensi a tsakiyar kasuwar Kara ana wata iska, na kai wa wani mai gyara, ya sa tsinken goge kunne ya bar mini layi a sensa har kyamarar ta tsufa da shi. Tun ranar, lensin da na fito da shi daga gida shi nake komawa da shi.

Tambaya: Malam mai hoto, mu kusan ashirin ne masu sha'awar ɗaukar hoto, muna da zaure a WhatsApp. Duk ƙarshen shekara sai yara su cika mu da hotunan dusar ƙanƙara da suka kwaso a intanet, an rubuta barka da sabuwar shekara. Na yi magana, suka ce ai wannan lokacin babu abin ɗauka a Sakkwato. Na ɗauki wasu yara suna jin ɗumi da asuba ina so in yi gaisuwa da shi, amma in na tura sai ya dagule. Na yi kuskure da na yi musu faɗa? Kuma yaya zan tura?
Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Gawon Nama.

Amsa: Ranka ya daɗe, ina bayanka, sai dai faɗan ne ba zai yi aiki ba. Ɗan'uwanmu da ke karatu a Kanada ko Rasha in ya fita ƙofar gidansa ya ɗauko ƙanƙara ya turo, wannan gaisuwa ce ta gaske, ya nuna mana inda ya kwana. Amma mai kyamara a Arkilla ya gaishe da mai kyamara a Minanata da hoton da ko ɗayansu bai san wanda ya ɗauka ba, wannan kamar majemi ne ya kai wa abokinsa tsarabar takalmin roba. Shawarata ka kawo musu sharaɗi cikin wasa: bana kowa da hoton hannunsa zai yi gaisuwa, wanda ya ɗauka cikin makon. Kai ka fara. Matasa ba sa son a riga su.

Batun babu abin ɗauka kuwa, su leƙa wajen Hubbaren Shehu da sassafe, bayan sun nemi izinin masu kula da wurin. Su bi hanyar Wurno su ga fadamun albasa kore shar cikin gari mai toka. Su tsaya wurin mai ƙosai hayaƙi yana haɗuwa da hazo.

Yanzu yaran nan naka. 'Ya'yan wa ne? In jikokinka ne, bismillah. In almajirai ne da sanyi ya koro bakin wuta babu rigar kirki, ni dai ba zan rubuta barka a kan hotonsu ba, kuma ko ɗauka ce sai da sanin malaminsu. Haka matan aure a rijiya ko kasuwa: a tambaya, in an ce a'a, a sauke kyamara.

Rubutun gaisuwar kada ya wuce layi ɗaya da sunanka. Hazo ya riga ya share maka sama fes, nan za ka sa shi, ba kan fuskar mutum ba, kuma a bar furannin roba da taurari masu ƙyalli. Abokan sana'armu Kirista da ke gari, su ma hoton garin da suke zaune zai fi musu daɗi a Kirsimeti.

Kuma ku fara sabawa tun yanzu, domin salla tana tafe cikin sanyi. Shekarar Hijira takan gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, shi ya sa azumi yake matsowa baya. Ƙaramar sallar 2025 ƙarshen Maris aka yi ta, zuwa 2030 za ta faɗo farkon Fabrairu. Mu da muka yi aiki da fim mai hoto 36 mun ga irinta: a shekarar 2000 sau biyu muka yi ƙaramar salla, ɗaya a Janairu, ɗaya a Disamba, duka cikin hazo. Fararen manyan riguna a filin idi, farar sama, rabin abin da na ɗauka a ta farko ya fito kamar ruwan wanki, domin ban ƙara haske ba. A ta biyu na gyara.

Dagulewar hoto kuma WhatsApp ne yake matse shi don rage cin data, kuma sama mai hazo ta fi komai shan wahala, sai ta yi layi-layi. Tun 2023 sun sa alamar HD a saman hoto kafin ka tura, danna ta. In kana son ya isa yadda ka ɗauke shi, tura shi ta wurin da ake tura takardu. Kada ka sake tura wanda aka turo maka, koma kan na asali.

Ni nawa na bana na riga na ɗauka: wani mai shayi wajen Ƙofar Atiku, ya ɗaga kofi sama yana sheƙawa, tururi ya rufe masa rabin fuska. Da na nemi izini cewa ya yi, "Awo, ɗauka, amma ka kawo mani nau." Ya kuma ja mini kunne in tabbata gwangwanayen madararsa sun fito duka.